Filin da Gwaggo Yalwa Ta Shata Mini

Ranar Talatar da ta wuce Gwaggo Yalwa ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar har ta kai ni ɗakin miji, kuma ban samu jana'izarta ba, ina nan Kuala Lumpur ina fama da karatu. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan dafa shinkafa da wake in aika wa ɗaliban da ke hawan ƙasa da namu a unguwar Wangsa Maju, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Wani ƙyalle nata da ya shekara tara a gindin akwatina ya tono mini abin da ban sani ba, allura ta tono garma, na ga gara in faɗa da bakina.

Ƙyallen akoko ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Gwaggo ta fara shi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, a ajin ɗinki na makarantar 'yan mata da ta yi shekara uku a ciki. A zamaninsu ba a yarda yarinya ta taɓa yadi mai daraja sai ta yi irin wannan ƙyallen koyo. A sama ta jera baƙaƙen boko da jan zare, ƙarƙashinsu lambobi, sai layi-layi na kowane irin ɗinki da malama ta koya mata, sai sunanta da shekarunta. Iyakar aikin makaranta ke nan, bai ci ko kashi ɗaya cikin uku na ƙyallen ba. Daga nan zuwa ƙasa furanni ne da tsuntsaye da wasu abubuwan da ban taɓa tsayawa na tantance ba, sun cunkushe babu tsari, kowanne da launinsa.

Abin da na sani game da shi ina yarinya bai taka kara ya karya ba. Na san ana zuwa aronsa. Idan aka sa ranar bikin wata a unguwarmu, uwarta ko yayarta takan shigo ta karɓa, a je a kwaikwayi fure a rigar filo da zanen gado da labulen amarya, ya yi wata biyu ko uku ya dawo. Ban taɓa buɗe shi bayan ya dawo ba, domin ni tsakanina da allura gaba ce tun fil azal. Gwaggo ta yi iya yinta. Takan zaunar da ni a tabarma ta miƙo mini zare, kafin ta waiwaya na soke yatsa na koma kan littafina. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana. “Uwata,” takan ce, “wannan hannun naki biro kawai ya sani. Allah ya sa biron ya ɗinka miki zani.” Daga baya na tafi makarantar kwana, na wuce jami'a, kafin in dawo zannuwan gado 'yan kanti sun cika kasuwa, masu zuwa aro sun ragu sai jefi-jefi.

Ranar da za mu taso Malesiya ni da maigidana, na je yi mata sallama da safe. Lokacin yanar ido ta riga ta ci ƙarfinta, ta daina ɗinkin hular da take yi. Ta laluba ƙarƙashin filo ta zaro ƙyallen a naɗe cikin leda, ta cusa mini a jaka. Ta ce, “Ki tafi da shi, ki gano mana irin furen da suke yi a can.” Na ɗauka kyautar tunawa ce, irin wadda tsohuwa ke ba 'yarta idan tana jin ba lallai su sake ganawa ba. Na yi godiya, na yi kukana, na zo na shimfiɗa shi a gindin akwati na ɗora kuka da daddawa a kai.

Da ba don Maman Sadiq ba, da har yau yana can. Maƙwabciyata ce, 'yar Zariya, tana digiri na uku, kuma Allah ya jarrabe ta da son tsofaffin kaya. Watanni huɗu da suka wuce ta ja ni wani ɗan kanti a lungu bayan manyan shagunan Bukit Bintang, wai tana neman tsohon kwanon jere na kai abinci. Tana can tana ciniki, ni kuwa na ɗaga kai na ga bango. Ƙyallayen koyo ne sun kai goma, kowanne a cikin gilashi da katako. Baƙaƙe iri ɗaya da na Gwaggo, jan zare iri ɗaya, har da sunan yarinya da shekarunta a ƙasa. Wata 'yar shekara tara ta yi gida da bishiya da kare mai ƙafa uku, ban sani ba ko zare ne ya ƙare mata ko haƙuri.

Mai kantin tsohuwa ce 'yar asalin Sin, kowa Anti yake ce mata. Ta ce wasu daga Ingila Turawa suka zo da su, wasu kuma 'yan matan ƙasar nan ne suka yi a makarantun mishan, duk masu yin sun daɗe da zama ƙasa. Na tsaya ina mamaki. Ashe darasin da aka zaunar da Gwaggo a Kano aka koya mata, shi aka zaunar da wata 'yar Sin ko 'yar Malay a wannan ƙarshen duniya aka koya mata, kowacce ta sunkuya tana cizon leɓe kada zare ya ƙulle. Kuɗin da aka liƙa a jikin gilashin kuwa sai da na gyara tabarau na sake dubawa. Na yi ta tunanin me Gwaggo za ta ce da an kawo ta gaban bangon nan. Ina jin da farko dariya za ta yi, ta ce yau ga aikin 'yan koyo ya samu sarauta. Sannan ta nemi a ciro mata ɗaya ta juya bayansa, domin ko riga aka nuna mata a gidan biki sai ta kifa wuyan ta duba ciki kafin ta yaba.

Na yi suɓul da baka na ce ai ina da irinsa a gida. Maman Sadiq ta saki kwanon ta juyo. “Maman Fa'iza, kina da wannan kika bar shi a akwati? Ai antique ne, tsohon kaya mai daraja. Ki kawo a yi miki framing, a sa shi a gilashi, kafin damshin garin nan ya cinye shi.”

Ranar Asabar da safe na ciro shi. Yana warin daddawa da raɓa, amma bai yi komai ba. Na shimfiɗa shi a teburin cin abinci, karon farko ke nan a rayuwata da na dube shi a tsanake. A kusurwar ƙasa ta dama akwai wani wuri wayam, ya fi tafin hannu kaɗan, an kewaye shi da baƙin zare. Ɗinkin dogo-dogo ne, sako-sako, a karkace, wani taku ya yi tsawo wani ya yi gajarta. A tsakiyar wannan aiki mai kyau sai ya zama kamar ƙuda a nono. Na ce lallai wata yarinya ce ta yi wasa da shi a gidan da aka taɓa ara, kuma ba zan kai wa 'yar Sin ƙyallen Gwaggo da wannan ƙazanta ba. Na sa allurar mayafina na ɗago bakin zaren, na ja, ya biyo ni gaba ɗaya. Na haɗa shi da ɓawon albasa na zuba a shara. Aikin bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Da na kai shi kantin, Anti ba ta ɓata lokaci a kan fuskar ƙyallen ba. Kallo ɗaya ta yi masa ta kifa shi, ta ɗauko madubin ƙara girma. Da Turanci muke magana, tana cusa Malayanci ina kamo abin da na kamo. Ta tambaye ni mata nawa ne a gidanmu. Na ce mace ɗaya ce ta yi shi, gwaggona. Ta girgiza kai ta ce ba zai yiwu ba, ta jawo ni kusa. Wannan mai ƙulla zare ce idan ta gama, wannan kuwa ba ta ƙulli, cusa wutsiyar take yi ƙarƙashin ɗinki. Wannan bahaguwa ce, dubi yadda takunta ya kwanta ta ɗaya gefen. Wannan marowaciya ce, ko ƙwayar zare ba ta bari ta tafi a banza, maƙwabciyarta kuma almubazzara, bayan furenta kamar saƙar gizo-gizo. Duk hannun da ta gano sai ta ajiye tsinken sakace a kai. Da ta kai goma sha huɗu ta tsaya, ta ce watakila sun fi haka, idonta ne ya gaji.

Sai ta ɗaga ƙyallen saitin ƙofa, haske ya ratsa shi. Ta nuna kusurwar ƙasa, inda wasu 'yan ramuka suka jeru suka zagaye wurin da babu komai. Ta ce, “Nan an cire wani abu, kuma kwanan nan.” Na ce datti ne na cire. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta naɗe shi ta miƙo mini, ta ce in je in tambayi mutanen gida tukuna, domin ranar da ta rufe shi a gilashi babu mai sake ganin bayan.

Mutum ɗaya ce ta rage da zan tambaya, Iya Azumi, ƙawar Gwaggo tun ajin ɗinkin nan. Na kira ta a wayar jikarta, mai nuna hoto, nan bayan la'asar, can hantsi. Ina ɗora wayar a kan ƙyallen ta fara gaisawa da shi kamar ta shiga gidan suna. Ɗawisun nan na Binta mai koko ne. Kwandon furen na Asabe bahaguwa ne, Allah ya jiƙanta. Jirgin saman nan Talatu ce ta yi shekarar da mijinta ya sauke farali, ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, shi ya sa ba shi da taya. “Abarbar nan kuwa tawa ce,” in ji ta. “A gwangwani na ga hotonta, kada ki yi mini dariya don ta yi kama da bushiya.” Ta kira suna goma sha shida, ta zarce lissafin Anti da biyu. Uku ne kawai a cikinsu ke da rai.

Na tambaye ta yaya aka yi duk suka taru a ƙyallen mutum ɗaya. Ta matso da fuskarta har ta cika wayar.

“Ke 'yar Yalwa, an taɓa aiko miki da kwanon abinci kin mayar da shi wayam? To haka ƙyallen yake. Kin ɗauki fure, sai ki bar fure. Kafin ta ba ki, sai ta shata miki fili da zare sako-sako. Ki je ki cike abinki ki kawo, ta juya baya ta duba. In ya yi, ita da hannunta za ta zare zaren, an sallame ki ke nan. In bai yi ba, ki koma da shi.”

Ta ci gaba, tana jin daɗin labarinta.

“Naki ma ni na zura mata allurar, ana gobe za ki tafi. Baƙin zare ta ce in sa, shi kaɗai take iya hangowa a jikin akoko. Da lalube ta yi shi, ta soke yatsa ya fi sau uku, kuma daga shi ba ta ƙara riƙe allura ba. Na ce mata, Yalwa, yarinyar da ko maɓalli ba ta iya ɗorawa? Ta ce ai shi ya sa na ba ta fili babba. Matso da wayar can ƙasa in ga baƙin zaren.”

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, shaiɗan ya kawo mini shawara biyu a lokaci ɗaya. Ta farko in katse kiran in ɗora wa layi laifi. Ta biyu in sayi baƙin zare gobe in bi ramukan in mayar, wa zai sani? Amma tsohuwa ce ke jira, ta kafa ido a waya. Na matsar da ita kan kusurwar, na gaya mata abin da na yi, har da ɓawon albasar. Ina jin kukan akuya a tsakar gidansu. Can ta ce, “To, kin sallami kanki ke nan ba a duba aikinki ba.” Ta ɗan yi dariya, sannan ta kama gefen mayafi ta goge ido. Na tambaye ta ko Gwaggo ta taɓa ƙorafi. Ta ce ko sau ɗaya. Mata biyu sun zo aro bayan tafiyata, Gwaggo ta ce musu ƙyallen ya tafi Malesiya karatu, sai ya gama.

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma mamakin ya fi baƙin cikin yawa, ko da yake baƙin cikin ma yana nan, ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara biyu muka yi muna waya duk Juma'a kafin ta rasu. Takan tambayi ruwan sama, ta tambayi ko shinkafarsu tana da tsakuwa, ko maigidana ya yi ƙiba. Kusan kullum kafin mu yi sallama sai ta ce, “Uwata, akwai dai fure a garin?” Ni kuwa sai in gyara zama in ba ta labarin furannin bakin titi, ja da ruwan ɗorawa, har da waɗanda ke hawa katanga. Sai ta ce madalla. Me ya hana ta fito fili ta ce mini aro ne? Iya Azumi ta ce mai ba da aro ba ya bi, abin kunya ne. Ni kuma ina zargin ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yarinyar da ta tashi a ɗakinta ba ta san dokar ɗakin ba. Na karanta takardu sun fi buhu, amma abin da Binta mai koko ta sani ba tare da an gaya mata ba, ni sai da 'yar Sin ta kirga mini da tsinken sakace. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani lokaci ina cikin jirgin ƙasa zuwa wurin aiki nakan yi ta gwada Gwaggo da zamanin nan. Kusa da tasharmu akwai wani kedai, wato kanti, da ke surfani da na'ura, ka ba su hoto, kafin ka gama shan shayi a mamak, wurin mai shayinsu, fure ya fito, ba ƙulli ba karkata. Ina jin za ta tsaya ta kalla har a rufe kantin, don mace ce mai son ganin yadda ake yin abu. Za ta juya baya ta yaba tsabtarsa, ba ta da hassada a kan aiki. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta ɗauki 'yan matan yanzu, da za su ɗauki hoton ƙyallen da waya su ce an gode, su tafi da furen duka ba su bar ko ɗaya ba. Watakila ta ce sauƙi ne Allah ya kawo. Watakila kuma ta tambaya, to da me za a san sun zo?

Ban sa shi a gilashi ba. Maman Sadiq ta yi mita ta gaji. Na koma wurin Anti na ba ta labari, ta ce ramukan ba za su daɗe ba, saƙar akoko komawa take yi, balle a garin da iska ke jiƙe. Ta ce in ina so ta bi su da baƙin zare yadda ba mai ganewa. Na ce a'a. Na roƙe ta ta koya mini riƙon allura, ina da shekara arba'in da uku. Duk Asabar nakan je in zauna a kujerar roba a bayan kantin, tana duka mini hannu da fensir idan na ja zare da ƙarfi. Jan furen nan nasu da suke ji da shi na zaɓa, mai kama da furen kuɓewa. Sau uku ina yi ina warwarewa, ta ce tsohon ƙyalle ba zai ɗauki warwara ta huɗu ba, wanda ke kai yanzu shi ne zai zauna. Ya karkace, bayansa kuma ba ya nunuwa a gaban mutane. Iya Azumi ta ce in kawo shi hutun nan tun tana da sauran ido, ta juya shi a madadin ƙawarta.

Idan na auna abin da ya rage na Gwaggo bayan shekara bakwai, ba shi da yawa. Ɗakinta an fasa shi an yi shago. Hulunan da ta ɗinka sun tsufa a kan masu su, rigunan filon da aka kwaikwaya daga ƙyallenta sun zama tsumman goge ɗaki, ɗinkinta na ƙarshe kuma ni da hannuna na zubar. Abin da ya tsaya shi ne mata goma sha shida da ba su bar hoto ko takarda ba, amma aka gane hannayensu a wata ƙasa da ba su san sunanta ba, saboda wata mace ta ƙi yarda a ɗauka ba a bari ba. Sai kuma zaton alherin da ta yi mini, ni da ban taɓa ba ta dalilinsa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo Yalwa da waɗanda suka riga mu a cikin ƙawayenta, ya yalwata musu makwanci.

A kiranmu na ƙarshe na tambayi Iya Azumi, idan ta gama dubawa, wa zan miƙa wa ƙyallen, tunda mai shi ba ta nan. Ta yi mini kallon da ake yi wa wanda ya tambayi hanyar gidansu. Ta ce, “Wa ya zare zaren?” Na ce ni ce. Ta ce, “To ai mai ƙyalle ce kaɗai ke zarewa.” Jiya na biya kasuwa na sayi baƙin zare ƙulli ɗaya. Har yanzu ban san wadda zan shata wa ba.